Ƙunshin da Irmiya Ya Ɗaure

Saura mutum biyu motar Saminaka ta cika a tashar Kwangila lokacin da wayar Irmiya ta yi ƙara. Yana zaune a kujerar baya gefen taga, jakarsa a kan cinya, da ledar kilishin da ya sayo wa 'yarsa Angela. Tun kafin ya ciro wayar ya san daga inda kiran ya fito. Shekara bakwai ke nan yana kula da kwamfutocin ɗakin gwajin jini na Hajiya Lauratu a Tudun Wada, kuma da wuya ya yi nisa da wurin ba a neme shi ba.

Malama Bahijja ce, wadda ke karɓar marasa lafiya tana shigar da sunayensu.

"Malam Irmiya, kun tashi ne?"

"Muna jiran mutum biyu. Lafiya dai?"

"Firinta ta ƙi fitar da sitika tun ƙarfe tara. Mun ɗebi jinin mutum ya fi talatin, ga kwalabe nan a jere. Hajiya ta ce in kira ka."

"Wa ya taɓa uwar garken?"

"Injiniyan nan na Kaduna, mai haɗa sabon injin."

"Ba mako mai zuwa aka ce zai zo ba?"

"To, ga shi ya zo."

Irmiya ya kashe wayar ya zauna kamar an dasa shi. Gobe Asabar da ƙarfe tara na safe zai gana da shugaban wata makarantar mishan a Saminaka, inda ake neman malamin kwamfuta. Matarsa Suzana ce ta yi ta zarya har aka samu wannan ranar. Nas ce, shekara uku ke nan da aka mayar da ita can, ta tafi da yarinyar, shi kuma ya zauna a ɗaki ɗaya a Tudun Wada yana cewa kwanan nan zai biyo su. Hajiya ba ta san da maganar makarantar ba. Abin da ya faɗa mata kawai shi ne zai je ganin iyali.

Ya leƙa ta taga ya tambayi direba, "Mota ta ƙarshe ƙarfe nawa take tashi?"

"Uku. Bayan nan ba mai bin hanyar Pambeguwa sai gobe."

Ya duba agogo, sha ɗaya saura. Ya ce a ba wani kujerarsa, ya sauka ya tari keke.

A cikin keken, yana riƙe da ƙarfe saboda gargada, ya riga ya san abin da ya lalace. Uwar garken, wato kwamfutar da duk sauran na ɗakin gwajin ke jingine da ita, tana ɗauke da ƙunshin manhajoji sun fi ɗari biyar. A cikinsu akwai wani ɗan ƙaramin laburare, wanda ba na littattafai ba ne, 'yan layukan umarni ne da wani mutum a wata ƙasa ya rubuta ya bayar kyauta domin sauran manhajoji su riƙa aro. Aikinsa sarrafa rubutu: ya auna tsawon kalma, ya yanke, ya haɗa. Don ƙanƙantarsa bai kai nauyin hoto ɗaya a waya ba. Amma duk sunan da za a manna a jikin kwalbar jini sai ya bi ta hannunsa, domin sitikar gurbi ashirin da biyu kawai take ɗauka, dogon suna kuwa dole a datse shi.

A watansa na biyu da fara aiki abin ya fara nuna halinsa. Harafi na yau da kullum gurbi ɗaya yake ci a cikin kwamfuta, amma masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, biyu suke ci. Laburaren kuwa gurabe yake ƙirgawa, ba haruffa ba. In yankan ya faɗo a tsakiyar harafi mai lanƙwasa, sai ya bar rabin harafi, firinta ta ga abin da ba ta gane ba ta ƙame, duk sunayen da ke bayan wannan su tsaya. Irmiya ya yi kwana huɗu kafin ya gano haka. Ya buɗe laburaren ya ƙara masa layi goma sha ɗaya na kansa, ya ba aikin suna da Hausa, yanka_suna, ya sa manhajar sitika ta riƙa kiran sa. Daga nan ya ɗaure ƙunshin, ya hana shi sabuntawa, don kada sabon fitowa ya shafe gyaran.

Bai gaya wa kowa ba, bai kuma rubuta a ko'ina ba. A lokacin ana gwada shi ne, ga kuma raɗe-raɗin cewa wani ɗan ƙanin Hajiya ya kusa gama karatun kwamfuta. Irmiya ya yi tunanin wanda mabuɗin rumbu ke aljihunsa ba a sallamarsa da sauƙi. Haka kuwa aka yi, ba a sallame shi ba.

Sai dai ƙunshi ɗaya da aka ɗaure ba ya tsayawa shi kaɗai. Wasu uku da suka dogara da shi suka tsaya, waɗanda suka dogara da ukun su ma suka tsaya, har uwar garken gaba ɗaya ta zama tsohuwar da ba a iya sa mata sabon abu sai da lallashi. Duk mako sai wani abu ya motsa, kuma ba wanda ya san kan ta sai shi. Ko a coci wayarsa a hannu take. Bikin ƙanwarsa a Wusasa, kafin a yanka kek ya bar wurin.

Ya tarar da ɗakin jira cike. Mutane a kan benci, wasu a tsaye a bakin ƙofa suna fifita da katinsu. Wata mai juna biyu ta jingina kai da bango, idonta a rufe. Malama Bahijja ta baza kwalabe a kan tire, tana yanka filasta tana rubuta sunaye da biro tana mannawa.

"Sannu da zuwa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Talatu biyu gare ni yau, duk Talatu Yakubu. Na sa wa ɗaya jan biro. Amma injin ba ya karanta rubutun hannu, sai da layukan nan na sitika. Waccan baiwar Allah kuma tun jiya ba ta ci komai ba saboda gwajin suga."

Ɗakin uwar garken a da wurin ajiye tsintsiya da bokiti ne, babu taga, sai 'yar fanka a bango. Mutum biyu in sun shiga, dole kafaɗarsu ta haɗu. A ciki ya sami Injiniya Kailani, mutum mai furfura a gemu, ya naɗe hannun riga, zufa ta jiƙa masa baya.

"Malam, kai ne mai wurin? Ka yi haƙuri. Manhajar sabon injin ta ƙi hawa, ta ce komai ya tsufa. Na duba na ga ƙunshi ɗaya ne ya riƙe sauran, ba a kuma rubuta dalili ba. Na tambayi Hajiya, ta ce in yi abin da ya dace. Sai na kwance shi na sabunta."

"Ka ajiye kwafin tsohon?"

"Na zaci irin wanda kowa ke da shi ne."

Irmiya ya ja kujera ya zauna, jakar tafiyarsa na rataye a kafaɗa. Layukansa goma sha ɗaya sun tafi. Kwafin da ya taɓa ajiyewa yana cikin wata filas, 'yar na'urar ajiyar bayanai, da ta mutu tun bara waccan, ya yi ta cewa zai sake wani bai yi ba. Ya gwada mayar da tsohon ƙunshin, kwamfutar ta nuna masa cewa in ya yi haka sai ta cire wasu arba'in da bakwai, har da manhajar sabon injin. Gaba ba hanya, baya ba hanya.

Ya buɗe sabon laburaren da niyyar sake rubuta gyaran daga ka. Abin ya canza kama, kamar mutum ya koma unguwarsu ya tarar an rushe lungunan da ya sani. Ya rubuta layi biyar, ya gwada, ya ƙi. Ya goge ya sake. Daga waje yana jin muryar wani dattijo yana cewa shi fa daga Gyallesu ya zo tun da sassafe, Malama Bahijja tana ba shi haƙuri. Sau biyu Hajiya ta leƙo ta koma. Agogon kusurwar allo ya nuna sha biyu da kwata.

Injiniya Kailani, wanda ke tsaye a bayansa, ya ce, "Wai me gyaran naka yake yi ne?"

Shekara bakwai ba wanda ya yi masa wannan tambayar. Ya faɗa masa a taƙaice.

"Haruffa masu gurbi biyu?" Injiniya ya shafa gemu. "Buɗe takardar canje-canjen mu gani."

Kowane ƙunshi yana zuwa da 'yar takarda inda mai shi ke jera abin da ya gyara a kowane fitowa. Irmiya bai taɓa buɗe ta wannan ba tun ranar da ya ɗaure shi. Ya buɗe, suka yi ta gangarawa tare, sai yatsan Injiniya ya tsaya a kan allo.

Layi ɗaya ne da Turanci. An ƙara sabon aikin yanka rubutu wanda ke ƙirga haruffa, ba ya raba harafi biyu. Wata mata daga wata ƙasar da su ma haruffansu ke da ƙari ce ta kai ƙorafi, mai laburaren ya gyara, ya yi mata godiya. Kwanan watan na gefe. Shekara biyar da wata huɗu da suka wuce.

"Ai tuni an yi maganin abin," Injiniya ya ce a hankali. "Abin da ya tsayar da firintar kawai, manhajarku tana kiran sunan da ka sa, shi kuma babu shi yanzu."

Irmiya ya buɗe manhajar sitika, ya nemo inda aka rubuta yanka_suna, ya goge, ya sa sunan sabon aikin. Bai kai minti biyu ba. Ya gwada da suna mafi tsawo da ya tuna, mai ƙ biyu da ɗ ɗaya. A can gaba firinta ta yi ƙara, ta fara aman sitika ɗaya bayan ɗaya, aka ji Malama Bahijja ta ce, "Alhamdu lillahi!" Mutanen benci suka ɗauka da hayaniya.

Shi kuwa bai motsa ba. Yana kallon kwanan watan nan. Lokacin Angela ko tafiya ba ta fara ba. Lokacin ba a ma mayar da Suzana Saminaka ba.

Injiniya Kailani ya sauke hannun rigarsa. "Ni zan wuce masallaci, lokaci ya yi. Malam, kowa a cikinmu yana da irin wannan a wani wuri. Ba zan ce wa Hajiya komai ba."

Da ya fita, Irmiya ya tashi ya nufi ofishin Hajiya. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna. In ya kama keke kafin biyu da rabi zai sami motar.

Hajiya Lauratu ta haura sittin. Ta yi shekara talatin tana aikin gwaji a asibitin gwamnati kafin ta yi ritaya ta buɗe nata. Lokacin da mahaifiyar Irmiya ke jinya, da kanta take zuwa gida ta ɗebi jininta, ta zauna a bakin gado suna hira. Ranar jana'iza ta zo har harabar coci da mayafinta, ta tsaya a rana har aka gama. Tun daga ranar Irmiya bai taɓa iya ce mata a'a ba.

"Zauna, ɗan nan," ta ce. "Yau na ga tashin hankali. Allah ya yi maka albarka. Ni dama na faɗa, in babu kai wurin nan rufewa za mu yi."

Ya zauna a bakin kujera. "Hajiya, akwai maganar da ya kamata ki sani. Abin da ya faru yau ba laifin Injiniya ba ne. Nawa ne."

Ya yi mata bayani dalla-dalla, bai rage komai ba: gyaran da ya yi, ɗaurin da ya yi, da dalilin da ya sa ya yi shiru. Har maganar ɗan ƙaninta sai da ya faɗa, kansa a sunkuye. Ya ce duk wahalar da uwar garken ke bayarwa shekarun nan daga ɗaurin nan take, yanzu kuma an kwance, komai sabo ne, duk wanda ya san aikin zai iya kula da ita. Ko Malama Bahijja in an nuna mata za ta iya na yau da kullum.

Hajiya ta saurare shi har ya gama, tana juya carbi. Sai ta yi murmushi.

"Irmiya ke nan. Halin mahaifiyarka ka ɗauko, ɗaukar laifin wani ka ɗora wa kanka. Ni abin da idona ya gani shi ne, shekara bakwai abu na aiki a hannunka, baƙo ya taɓa shi sau ɗaya ya tsaya, ka dawo ya tashi. Wannan lissafin ko yaro ya iya shi."

"Hajiya, ba haka ba ne. Da na karanta takardar nan tun..."

"Maganar Mujahid ɗan ƙanina kuwa, ai ko a lokacin ban yi niyyar kawo shi ba. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya? Ka bar wannan." Ta ajiye carbin. "Yanzu abin da nake so, ka tsaya sakamakon yau ya fita a gabanka. Jinin mutane ne, ga sabon inji, ga Talatu har biyu. In aka ba wata sakamakon wata, da wane ido zan dubi jama'a? Iyali suna nan, ba gudu za su yi ba. In abu ya daidaita mako mai zuwa, ni da kaina zan sa a kai ka tasha."

Ya yi niyyar faɗa mata maganar makarantar. Jimla ɗaya ce: gobe ina da ganawar neman aiki. Ya dubi hannayenta, yadda suke ɗan rawa, waɗanda yanzu ba ta iya riƙe allura da su. Ya dubi agogon bango.

"To, Hajiya," ya ce.

Sakamakon farko ya fito ƙarfe biyu da rabi. Aka ba mai juna biyun nata, mijinta ya sayo mata fura a waje ta sha a tsaye. Na Talatu biyun Irmiya ya duba sau uku tare da Malama Bahijja, kowanne ya faɗa inda ya dace. Ba abin da ya sake tsayawa, ba kuma abin da ya nemi hannunsa. Yana zaune a ɗakin nan mara taga yana kallon sunaye suna wucewa lafiya lau lokacin da uku ta buga.

Da la'asar sai ga kafinta da akwatin kayan aikinsa. Hajiya ce ta aika aka kira shi. Ya huda ƙofar ɗakin uwar garken ya sa mata sakata da ƙaton kwaɗo. Kwaɗon ya zo da mabuɗi uku. Hajiya ta karɓa, ta haɗa su duka ta sa a tafin hannun Irmiya, ta naɗe masa yatsu a kai.

"Daga yau ko ni ba na shiga sai kana nan," ta ce a gaban kowa.

Da aka rage mutane, ya ɗauki wani sabon littafin rubutu a kan teburin Malama Bahijja ya koma ciki. Ya rubuta komai da Hausa, da manyan haruffa: yadda ake kunna uwar garken, kalmar sirri, yadda ake sabunta ƙunshi, abin da za a duba in firinta ta tsaya, da lambar Injiniya Kailani. Ya yi zaton zai cika littafin. Shafi uku da rabi ya ci.

Ya kai mata tare da mabuɗi ɗaya. Ta karanta shafin farko, ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam Irmiya, ka ji abin da Hajiya ta ce. Ni ba zan taɓa abin nan ba sai da izininta. Ka riƙe mabuɗinka."

Ta tura masa mabuɗin. Littafin kuwa ta rufe shi ta sa a jakarta.

Ya fita bakin titi ya kira Suzana. Keke da acaɓa na ta wucewa, sai da ya toshe kunne ɗaya.

"Baban Angela, kun kusa? Ta ƙi cin abinci, wai sai ka zo."

Ya faɗa mata abin da ya faru. Ya yi tsammanin faɗa, amma ba ta yi ba.

"To yanzu an gyara?" ta ce.

"An gyara. Ba zai sake lalacewa ba."

"Ka gaya mata maganar aikin?"

"Ban samu dama ba."

Ya ji ta sauke numfashi, ya ji muryar Angela daga nesa tana tambaya ko Baba ne.

"Zan je gidan Malam Evans in roƙe shi," Suzana ta ce. Shi ne shugaban makarantar. "Ya ce Laraba za su yanke shawara. In ya yarda ya gan ka Talata, shi ke nan abin da zan iya. Ba zan sake zuwa ƙofarsa karo na uku ba."

"Zan yi ƙoƙari."

"Ban ce ka yi ƙoƙari ba. Ga 'yarka, ka faɗa mata da bakinka."

Ya yi magana da Angela, ya ce mata aiki ne ya riƙe shi. Ta tambaye shi ko kwamfutar ce ba ta da lafiya kuma, ya ce a'a, ta warke. Ta ce to me ya sa bai zo ba. Ba ta jira amsa ba ta miƙa wa uwarta wayar, uwar kuma ta kashe.

Ya daɗe a tsaye a wurin. Sai Malama Bahijja ta leƙo daga ƙofa ta ce naɗin sitika ya ƙare, sababbin kuma suna cikin ɗakin da aka kulle. Ya laluba aljihu, ya koma ciki ya buɗe mata.